Yadda mai kare zai zaɓi mota a Kaduna: ta baya ake fara dubawa

Duk wanda ya shiga wurin sayar da motoci, gaban mota ƙafarsa take fara kai shi. Ya shafa bonet, ya leƙa fitilu, ya zauna a kujerar direba ya kama sitiyari ya ji yadda ta karɓe shi. Kai da kake da kare, juya abin za ka yi. Zagaya baya, ka sa a buɗe maka but, ka zaro tef ɗin awo daga aljihu. Idan bayan bai yi ba, kada ma ka wahalar da yaron dillali wajen neman makulli.

Ni da kuɗina na sayi wannan karatu. Lokacin da na karɓo karena Duna yana ɗan wata biyu, a kwalin taliya na ɗauko shi daga Barnawa, kwalin ma bai cika ba. Bayan wata uku na sayi motata ta farko, salun, kuma ko sau ɗaya karen bai faɗo mini a rai ba a wurin ciniki. Kafin ya shekara, in ya miƙe a kujerar baya sai ya cinye ta daga ƙofa zuwa ƙofa. Ranar da zan kai Hajiya mahaifiyata gaisuwa Zariya na yi sammako na wanke kujerar, na shimfiɗa sabon zani. Ta buɗe ƙofa, ta sunkuya, ta tsinto silin gashi biyu a bakin taga, ta ɗaga su a rana.

"Nan yake zama?"

"E, Hajiya, amma na wanke sosai."

"Allah ya yi maka albarka. Ce wa ƙanenka ya kai ni Kawo in hau ta haya."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake shiga motar ba har na sayar da ita. Abin ya daɗe yana cin raina, domin saboda ita na fara tara kuɗin motar tun asali.

A garin nan motar saurayi ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita za ta kai mahaifiya asibiti, ita za ta ɗauko ƙanne daga Islamiyya, ita za ta kai ka masallacin Sultan Bello ranar Juma'a kana sanye da farar shadda. Saboda haka motar da kake nema ita ce wadda kare yake da wurinsa daban, mutane da nasu daban, kuma sanyi yana isa wurin karen. In ka riƙe wannan, sauran matakan za su zo maka da sauƙi.

Mataki na farko: auna karen

Kwikwiyo yana ruɗin ido. Manyan karnuka ba sa gama girma sai sun kai wata 18 zuwa shekara 2. Namijin Alsashiyan yakan kai kilo 30 zuwa 40, tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 65. Rotwaila yakan kai kilo 50, Bowabul kuwa yakan haura 60. Karenmu na gida, irin wanda mafarauta ke riƙewa, yawanci bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, ɗan Lasa mai gashi kuma kilo 6 zuwa 8 ne. In naka bai gama girma ba, koma wurin wanda ka saya a hannunsa ka nemi a auna maka uwar ko uban.

Awo biyu kake buƙata. Yana tsaye, ka auna daga kan hanci zuwa gindin wutsiya. Sannan ka sa shi ya zauna, ka auna daga ƙasa zuwa ƙarshen kunne, don kare ya fi tsawo a zaune. Ƙara santimita 10 a kan kowanne, ka rubuta a waya. Wannan shi ne girman wurin da zai iya miƙewa, ya juya, ya kwanta ba a takure ba. Kejin da ake sayarwa na Alsashiyan yakan zo da tsawon santimita 107, na manya irin su Bowabul 122. Da waɗannan lambobi za ka shiga kasuwa.

Mataki na biyu: tace irin jikin motar

Salun, irin su Corolla da Camry da Accord, but ɗinsu a rufe yake ruf. Ka sha ganin yadda ake cusa rago a but daga Zango ranar jajibirin Sallah. Kada ka kuskura ka yi wa kare haka: babu iska, zafin salansa na dukan ƙasan, hayaƙi na iya shiga, kuma ba ka ganin halin da yake ciki. Ke nan a salun kare ba shi da wuri sai kujerar mutane. In ɗan ƙarami ne da zai zauna a keji a ɗaure kejin da bel, ba laifi. In babba ne, abin da ya same ni shi zai same ka.

Na san a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai ba a ɗauki kare mai rai najasa ba, kuma hadisi ya ba da izinin riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona. Amma fatawa daban, abin da zuciyar mutum ke ƙyama daban. Ba za ka tsaya a bakin mota kana ja wa mahaifiyarka littafi ba, kuma bai kamata abokinka ya sauka daga motarka yana kakkaɓe riga zai shiga sahu ba. Raba musu wuri, kowa ya huta.

A-kori-kura irin Hilux kamar ita ce mafita, tunda kare yana waje gaba ɗaya. To amma bayanta ƙarfe ne. Da azahar a watan Afrilu ɗora tafin hannunka a kai ka ji, da wannan ƙarfen tafin ƙafarsa zai haɗu. In ka bar shi sake, yana hango wani kare a cunkoso zai yi tsalle. In ka ɗaure shi da sarƙa a wuya ya yi tsallen, ratayewa zai yi. Ga ƙurar hunturu, ga ruwan Agusta. Ba ta yi sai da keji mai rufi da daɓen katako, wanda aka ɗaure da noti a jikin motar.

Wadda ta fi dacewa ita ce mai ƙofar baya mai ɗagawa, inda but da cikin mota iska ɗaya suke shaƙa. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kaduna. Tun 1975 da aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, iyayenmu suka saba da doguwar 504 mai ɗaukar iyali da buhuna a tafiya ɗaya. Yau a wannan layin za ka samu wagon ɗin 406 da 307 da Golf, da Vibe da Matrix, da ƙananan jif irin RAV4 da CR-V, da Highlander, sai Sienna.

Biyu daga ciki sun cancanci a tsaya a kansu. Vibe sunan Pontiac ne a goshinta, amma inji da giya na Toyota ne, uwa ɗaya uba ɗaya suke da Matrix, shi ya sa kayan gyaranta ba sa wuya. Ƙirar 2003 zuwa 2008 daɓen but ɗinta roba ce mai tauri, bayan kujerun ma haka, ga wuraren ɗaure kaya, kuma gilashin baya yana buɗewa shi kaɗai ba tare da ƙofar ba. Amai ko laka, tsumma ɗaya ya goge. Ita nake riƙe da ita yanzu. Aibinta biyu ne: but ɗin ba shi da zurfin da zai ɗauki babban keji sai an kwantar da ɓangare ɗaya na kujerar baya, kuma an daina yin ta tun 2009, don haka kowacce ka gani tsohuwa ce, da idon tsohuwa za ka dube ta. Ga Alsashiyan ɗaya ta wadatar. Ga Bowabul ta yi kaɗan.

Sienna kuwa ɗaki ce guda. Daga ƙirar 2004 kujerun ƙarshe suna naɗewa su shige cikin daɓe, ƙasanta ba tsawo, ƙofofin gefe ja ake yi, kuma tana da na'urar sanyi ta baya mai bakunanta daban a rufi. In kana da kare mai kilo 60, ko karnuka biyu, ga iyali, da wuya ka samu kamarta. Sai dai yawanci fulogi shida ce, tana shan mai, kuma da yawansu sun ci hanyar Abuja a haya kafin a wanke su a kawo kasuwa.

Ka yi hattara da jif masu gangaren baya irin Lexus RX da Venza. Daɓen yana da tsawo, amma rufin ya zubo, sai ka ɗora keji ka ga ƙofa ta ƙi rufuwa don saman kejin ya tokare gilashi.

Mataki na uku: lissafin aljihu

Kala uku ne a kasuwa: sabuwa fil a leda, 'yar Beljiyam, da ta hannu. Mai ƙarfin sayen sabuwa ba sai ya je nesa ba, domin tun 2022 kamfanin Dangote Peugeot ke harhaɗa motoci a bakin hanyar Abuja. A cikin nasu 301 salun ce, ta faɗa cikin matsalar da muka ambata. Wadda za ka duba ita ce 3008 ko 5008, ta biyun mai kujera bakwai ce, in an kwantar da biyun ƙarshe sai fili ya samu. Sai dai ka tambayi sharuɗɗan garanti kafin ka bari a huda jikinta ko a taɓa wayoyinta don sa raga ko fanka.

Yawancinmu dai a Beljiyam ko ta hannu za mu tsaya. A nan abin da zai ci ka ba kuɗin saye ba ne kawai, mai ne. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta taɓa haura 1,000. Mota mai fulogi huɗu irin Vibe takan sha wajen lita 9 zuwa 10 a kilomita 100 cikin gari, Sienna wajen 13 zuwa 14. In kana yin kilomita 30 a rana, bambancin ya kusa lita 40 a wata. Ɗora wannan a kan abincin kare da allurai da maganin tsutsa da na kaska, ka gani ko albashin zai ɗauka.

In kana da niyyar mayar da motar mai amfani da iskar gas, yanke shawara tun yanzu. Tukunyar gas ɗin a but ake ɗaure ta, wato daidai wurin karen. A ƙaramar mota dole ka zaɓi ɗaya.

Kuma kada ka ƙarar da kuɗin kaf a wurin dillali. Ware na gyaran sanyi, da tayoyi, da raga ko keji.

Mataki na huɗu: sanyi, kuma a nan za ka daɗe

Ga mai kare na'urar sanyin mota ba kayan jin daɗi ba ce. Kai kana gumi ta ko'ina a jikinka, shi kuwa da haki yake fitar da zafi, sai ɗan gumi a tafin ƙafa. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 kayan cikinsa sun fara lalacewa. A Kaduna cikin Maris da Afrilu zafin rana yakan doshi digiri 40. Motar da aka ajiye a rana cikinta yakan ƙaru da wajen digiri 10 a minti goma na farko, ya ƙaru da sama da 20 cikin awa ɗaya, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai. Wurin da ya fi ɗaukar zafi kuwa shi ne can baya, ƙarƙashin babban gilashi, nesa da bakunan sanyi. Nan ne ka ce karenka ya zauna.

Ga yadda za ka gwada. Kada ka je da safe. Je tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na rana, ka roƙi a fito da motar daga rumfa ta sha rana kamar rabin awa. A tayar, a kunna sanyi, a rufe gilasai. Kai kuma kada ka zauna gaba. Shiga but ɗin ka zauna inda karen zai zauna, ko da mutane za su dube ka. In kana da ƙaramin ma'aunin zafi irin na ɗaki, ajiye shi a daɓen. Ba ta minti goma sha biyar zuwa ashirin a tsaye ba a taka totur ba, bakanikenka yana kallon allurar zafin inji.

Abin da kake nema shi ne ko sanyin yana riƙewa a tsaye. Akwai motar da in tana gudu kamar firji, da an tsaya sai iska mai ɗumi. Wannan alama ce fanka ko kwandensa ko kwamfuresa sun gaji, kuma ita ce za ta ci amanarka a cunkoson bakin Kasuwar Gumi ko a kan gada da la'asar. In Sienna ce ko Highlander mai sanyin baya, kunna na bayan daban ka kai hannu kowane baki. Bututun sanyin baya ta ƙarƙashin mota suke bi, sukan yi tsatsa su yi yoyo, wasu masu gyara kuma maimakon su canza sai su toshe layin gaba ɗaya. Gaba na sanyi, baya fanka ce kawai ke kaɗawa.

Za ka ji an ce maka, "Ranka ya daɗe, gas ne kawai ya ƙare, a cika shi ke nan." Gas ɗin na'urar sanyi ba ya ƙarewa da kansa kamar fetur. In ya ƙare, akwai inda yake fita. Idan yoyon a cikin dashbod yake, sai an kwance gaban motar gaba ɗaya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne. Ko a gyara kafin ka biya, ko a rage maka kuɗin gyaran.

Motar da ba ta da bakin sanyi a baya, kamar tawa, ba a yar da ita don wannan. Ina ɗaga bakunan tsakiya su kalli rufi don iskar ta bi sama ta sauka baya, na kuma ɗaura ƙaramar fanka mai jona wa a wurin caji. Farar mota ko ruwan azurfa ta fi baƙa sauƙin zafi, mai rufin gilashi kuwa ka bar wa wanda ba shi da kare. Baƙin gilashi yana rage rana, amma ka sani yana buƙatar takardar izini daga 'yan sanda.

Duk kyan sanyin, ba a barin kare a motar da aka kashe. "Bari in yi sallah in dawo," "bari in ciro kuɗi yanzun nan," waɗannan mintunan su ne suke kashe karnuka. In ka ga hakinsa ya tsananta, harshe ya zazzago ya yi jawur, miyau ya yi kauri, yana tangaɗi, fito da shi inuwa nan take. Zuba masa ruwa mai sanyi irin na randa a ciki da hammata da cinyoyi, ka ba shi ya lasa kaɗan-kaɗan, ka nufi likitan dabbobi da sanyi a kunne, ko da ka ga kamar ya farfaɗo.

Mataki na biyar: tef a hannu

Auna wuri huɗu. Zurfi, daga bayan kujera zuwa ƙofa, amma ta sama za ka auna, don kujera baya take jingina, gilashi kuma gaba yake kwantowa. Faɗi, tsakanin tudun tayoyin nan biyu da suka shigo ciki. Tsayin bakin ƙofa. Sai kuma daga ƙasa zuwa bakin but. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka samu kwalin firji ka yanka shi daidai girman kejin, ka zo da shi a naɗe, ka buɗe a ciki ka rufe ƙofa. Gani ya kori ji.

Awo na huɗun nan mutane ba sa kula da shi. Doguwar jif tana da daɗi a layukan unguwa da damina, inda jar laka ke kama ƙananan motoci. Amma tsalle daga wuri mai tsawo kullum yana cin gaɓoɓin kare mai tasowa, Alsashiyan kuma dama an san shi da ciwon ƙugu. Ka kuma tuna ranar da zai kwanta ciwo ya kasa tashi, kai za ka ɗaga kilo 40 zuwa 60 ka sa a motar, wataƙila da dare, kuma ba lalle ka samu mai kama maka ba. In layinku yana buƙatar doguwar mota, sa kafinta ya yi maka ɗan katakon hawa mai shimfiɗar roba.

Duba kusurwoyin daɓen ko akwai zobban ƙarfe na ɗaure kaya. Karo a gudun kilomita 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10. Karen da ba a tsare ba, ko kejin da ba a ɗaure ba, da wannan ƙarfin zai taho gaba, kuma ƙeyar wanda ke kujerar baya zai fara samu.

Tambayi inda safaya take. In ƙarƙashin daɓen but take, duk ranar da taya ta yi faci sai ka sauke kare da keji a bakin titi kafin ka kai gare ta. Ta RAV4 da yawa a jikin ƙofar baya take, ta Sienna a ƙarƙashin mota, Sienna mai jan taya huɗu kuwa yawanci ba ta zuwa da safaya.

Kujerar yadi tana riƙe gashi da ƙarni, ta fata tana gogewa amma farce na yaga ta, rana kuma na gasa ta. In karen but zai zauna wannan bai dame ka sosai ba. Gwada makullin yara da ke gefen ƙofofin baya, da maɓallin da ke kulle gilasai daga wurin direba, domin kare yana taka maɓalli gilashi ya sauka. Shafa robar da ta zagaye ƙofar baya, in ta yage ko salansa na yoyo, hayaƙi wurin karen zai fara taruwa.

Mataki na shida: bakanike da takardu

Wannan kowa ya san shi, ba zan ja ba. Tafi da bakanikenka, ba wanda mai mota ya kawo ba, a sa mata kwamfuta. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ta zama iri ɗaya a gilashin gaba da jikin ƙofa da takardar kwastan. Tunda kana but ɗin, ɗaga shimfiɗar ka leƙa ramin safaya: busasshiyar laka ko tsatsa ko warin ruma alama ce motar ta sha ambaliya. Injin Toyota mai lita 2.4 na wajen 2007 zuwa 2009 an san wasunsu da shan baƙin mai, a duba hayaƙi da sandar awo. Kafin ka biya, leƙa Panteka ka tambayi kuɗin kwamfuresa da shokazoba na irin motar. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a canza sunan mallaka, a yi inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Da cikakkun takardu ba ka da fargabar 'yan KASTLEA masu kula da hanya na jiha ko Rod Sefti, ba kuma za a tsayar da kai a rana da kare a baya ana dogon bayani ba.

Mataki na bakwai: gwaji da karen

Kada ka sauko da kare a wurin mutane ba sallama. Faɗa wa mai motar tun farko: "Alhaji, ina da kare, har da shi nake neman motar. In mun daidaita, ka yarda in gwada shi a baya da shimfiɗata?" In ya ƙi, haƙƙinsa ne, kwalinka ya isar maka. In ya yarda, zo da shi da igiya da takunkumi, ka ga yadda zai hau, ko zai iya juyawa, ko kunnensa na taɓa rufi. Kwikwiyon da bai gama allurai ba kuwa a gida za ka bar shi, cutar gudawar jini ta 'yan kwikwiyo a ƙasa ake kwasar ta.

Bayan mota ta shigo gida

Kafin karen ya shiga, a raba wurin. Ko keji a ɗaure da zobban daɓe, ko raga tsakanin kujerar baya da but. Tawa mai walda ne ya yi mini a Panteka. Na tsaya a kansa ya ɗaure ta a kan notunan da ke jikin motar, ya goge duk wani kaifi, ya yi ramukan ƙanana yadda ƙafa ko baki ba za su shige ba. A ƙasanta na sa mai ɗinkin kujeru ya ɗinka tamfol har zuwa daɓe, don gashi kada ya bi ta ƙarƙashin kujera, na shimfiɗa tabarmar roba mai kauri don kada ya riƙa zamewa in an taka birki. Ranar da Hajiya ta fara ganin motar sai da ta zagaya baya ta ƙare wa ragar kallo, ta girgiza ta da hannu, sannan ta buɗe gaba ta zauna ta ce mu je.

In dole ta sa zai zauna a kujera, rigar ɗauri ta ƙirji za ka sa masa ka maƙala a bel. Ba a ɗaure kare ta wuya a mota, kuma ba a sa shi gaba, domin jakar iskar da ke fashewa lokacin karo don babban mutum aka yi ta. Kada ka bar shi ya leƙo da kai ta taga, ga ƙura da tsakuwa, ga Keke da ke gogar mota a wuce.

Sabo a hankali ake yin sa. Kwana biyu ko uku ka riƙa ba shi abinci a but ɗin inji a kashe. Sai ka tayar ba ka motsa ba. Sai zagayen unguwa na minti biyar. Kada tafiyarsa ta farko ta zama wurin allura, in ba haka ba duk ya ga mota zai noƙe. 'Yan kwikwiyo sukan yi amai a mota, yawanci yana wucewa in sun girma, kuma hana shi abinci awa uku kafin tafiya yana ragewa. Kada ka ba shi maganin mutane da ka, wasu irin su maganin ciwon jiki guba ne gare shi.

In tafiyar mai nisa ce, ko da zuwa asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ne, wajen kilomita 80, fita da sassafe. Riƙe jarkar ruwa da kwanonsa na kansa, da tsumma, da katin alluransa, musamman ta ciwon haukan kare da ake fara yi yana wata uku a kuma sabunta duk shekara. Tsaya duk bayan awa biyu, kuma ka maƙala igiya kafin ƙofa ta buɗe, ba bayan ta buɗe ba. In kun dawo daga gona ko jeji, duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa kafin ya hau, ka fitar da tabarmar ka wanke ka shanya a rana, don kaska na sauka ta ɓuya a lungun shimfiɗa.

A gida ma akwai abin lura. Ruwan lagireto mai launin kore ko ja yana da zaƙi a bakin kare, kaɗan daga cikinsa kuma yana kashe ƙoda. In ka ga ɗigo a ƙarƙashin mota, wanke wurin ka kai ta gareji a ranar. Da bazara karnuka na son inuwar ƙarƙashin mota, da hunturu kuma suna son ɗumin inji. Kowace safiya kafin ka murɗa makulli, sunkuya ka leƙa, ka kira sunansa har sai ka gan shi tsaye a gefe.